Babban mutum ya furta kalaman ƙiyayya a bainar jama'a: mu wallafa yadda ya faɗa, ko mu ƙyale?

Sabuwar 'Yar Jarida, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabatanmu a aikin jarida, musamman masu aiki da harshen Hausa. Ina aiki da wata ƙaramar kafar labarai wadda ba ta buga takarda kuma ba ta da tashar rediyo, a intanet kawai muke, kuma akasarin masu bibiyarmu ta Facebook da WhatsApp suke samun labaranmu. Kwanan nan wani faifan bidiyo ya shigo hannunmu, inda wani ɗan siyasa mai magoya baya da yawa yake jawabi a wurin taro. A cikin jawabin ya kira wata ƙabila baki ɗaya da sunan dabba, ya ce su ne tushen duk wata fitina a yankinsa, kuma lokaci ya yi da za a raba su da ƙasar. Mun tabbatar shi ne ya yi maganar, mun kuma tabbatar da wurin da ranar.

Kanmu ya rabu biyu a ofis. Wasu sun ce mu ɗora faifan yadda yake, mu ɗauko maganarsa mu yi kanun labari da ita, tun da ba mu muka sa masa ita a baki ba, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin irin mutumin da yake neman ƙuri'arsu. Wasu kuma sun ce kada mu taɓa labarin ko kaɗan, domin duk wanda ya yaɗa irin wannan magana ya zama abokin tarayyar mai ita. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Idan muka yi shiru, mun rufa wa azzalumi asiri. Idan muka ɗora, na san abin da zai biyo baya a ƙarƙashin labarin, domin ko labarin farashin masara muka saka, sai an sami masu zagin ƙabilar wani ko aƙidarsa a wurin tsokaci.

Shin me ƙa'idar aiki ta tanada a irin wannan hali? Sannan zage-zagen da masu karatu suke rubutawa a shafinmu, alhakinsu yana wuyanmu ne, ko yana wuyan masu rubutawa kaɗai?

Tsohon Edita, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki ɗora.

Yin shiru ba mafita ba ce. Mutumin da yake neman mulki ya tsaya gaban taro ya ce a kori wata al'umma, wannan labari ne babba, kuma kafar da ta binne shi ta ci amanar masu karatunta. Amma ba da labarin cewa ya faɗa daban yake da ba shi lasifikarki ya sake faɗa wa dubban mutanen da ba su je taron ba.

Kundin ɗa'ar aikin jarida da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ƙungiyar editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilorin a 1998 ya taɓo wannan ta fuskoki da dama. Ya hana ɗan jarida ambaton ƙabilar mutum ko addininsa da sigar wulakanci. Ya hana gabatar da tashin hankali ko ta'addanci ta yadda zai burge jama'a. Ya hana baje munanan hotuna da bayanai masu tayar da hankali. Kuma a cikin kundin nan dai aka ce jama'a suna da haƙƙin samun sahihin labari da aka yi wa kowane ɓangare adalci a cikinsa. Aikin edita shi ne ya riƙe waɗannan duka a lokaci guda, kada ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi ya watsar da sauran.

Da ni ne a kujerar editanku, ba zan ɗora faifan ba, kuma zagin ba zai hau kanun labari ba. Dalili shi ne a wannan zamani kanu yana tafiya shi kaɗai. Mutum zai ɗauki hotonsa ya tura zauren WhatsApp, inda babu wanda zai buɗe ya karanta bayanin da kuka yi a sakin layi na biyar. Kanun ya faɗi wanda ya yi magana da abin da maganar ta jawo, misali cewa ana kira a bincike shi kan kalaman tunzura jama'a. A cikin labarin ku bayyana abin da ya ce da kalmominku, ku kira shi ku ba shi damar kare kansa, ku ji ta bakin shugabannin al'ummar da ya ambata, ku tambayi jam'iyyarsa ko tana tare da shi a kan wannan magana, ku tambayi 'yan sanda ko sun ga faifan. Zargin da ya yi cewa su ne tushen fitina, ku auna shi da abin da aka sani tabbas, kada ku bar shi tsaye babu mai ƙalubalantarsa. Ku kuma duba lokaci, domin labarin da za a iya karantawa cikin natsuwa ranar Talata yana iya zama wani abu dabam idan ya fita a ranar da ake jana'izar waɗanda aka kashe a hari, ko a jajibirin zaɓe.

Mu da muke Kaduna a watan Nuwamba na 2002 ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da layi ɗaya yake iya jawowa. Wata maƙala a jaridar ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ta ƙunshi jimlar da ta taɓa martabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jaridar ta nemi afuwa, amma an ƙona ofishinta na Kaduna, rikici ya ɓarke, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista, aka mayar da gasar Landan. Babu wani rubutu da yake halatta zubar da jinin mutum, kuma alhakin kisan yana wuyan waɗanda suka yi shi. Sai dai wannan jimlar ta bi ta teburin editoci kafin ta fita, kuma da wani ya tsaya a kanta na minti ɗaya, da ya soke ta ba tare da maƙalar ta rasa komai ba.

Abin da ya fi kama da halin da kuke ciki shi ne na Filato a watan Yuni na 2018. An kai hare-hare a gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, an kashe mutane da yawa 'yan ƙabilar Berom, wannan gaskiya ne. Amma binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a ƙarshen shekarar ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tunzura mutane a Facebook ba su da alaƙa da Gashish. Hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya fito watanni kafin harin, wani faifan kuma a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. A ranar 24 ga watan Yunin aka tare hanya a Jos, aka fito da mutane 11 daga motoci aka kashe su, matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A ƙarshen makon nan ne kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya hana maharan shiga. Labarinsa bai yi gudun da hotunan ƙarya suka yi a ranakun ba, kuma ina ganin wani ɓangare na laifin namu ne, mu masu zaɓar abin da za a sa a gaba.

Barista, Abuja

Ranka ya daɗe Edita, na yarda da kai a kan kanu da faifai, amma ina da ja a kan cewa su bayyana maganar da kalmominsu kawai. Idan jarida ta ce wane ya yi kalaman da ba su dace ba, ta tsaya nan, gobe zai fito ya ce 'yan adawa ne suka juya masa magana, kuma mai karatu ba shi da abin da zai yi hukunci da shi. Tausasa maganar mai ƙarfi sau da yawa shi take yi wa amfani. A ganina ya kamata a kawo ainihin jimlar da ta ƙunshi kiran a kori mutane, sau ɗaya, a cikin labarin, a kewaye ta da martani da bayani.

Malama, akwai shari'o'i biyu daga Turai da suka yi daidai da tambayoyinki biyu, duk da cewa hukuncinsu bai ɗaure kotunan Najeriya ba. A 1985 wani ɗan jarida a ƙasar Denmark mai suna Jens Olaf Jersild ya yi hira da wasu matasa masu wariyar launin fata a talabijin, suka zazzagi baƙaƙe da baƙin haure. Kotun ƙasarsa ta ci shi tara, amma a 1994 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi, domin manufar shirin fallasa matsalar ce, ba yaɗa ta ba. A 2015 kuma kotun nan ta goyi bayan hukuncin da aka yi wa kafar labarai ta Delfi a ƙasar Estoniya, saboda ta bar munanan kalaman ƙiyayya da barazana da masu karatu suka rubuta a ƙarƙashin wani labari har tsawon makonni. Ke nan an kare ɗan jaridar da ya kawo mummunar magana don a gane ta, ba a kare kafar da ta buɗe fili ta juya baya ba.

Ina kuma roƙon mu yi hattara da kiran kowace magana mai zafi kalaman ƙiyayya. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne wanda aka tsara a birnin Rabat a 2012 ƙarƙashin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana duba yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da salon da ya faɗe shi, nisan da maganar ta kai, da kuma yiwuwar ta haifar da cuta. Idan kika ɗora ɗan siyasarku a wannan ma'auni zai yi nauyi ta kowace fuska. Idan kika ɗora matashin da ya ce gwamna ya gaza, ba zai motsa shi ba. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana kalaman da za su sosa ran wani addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe, sashe na 26 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ya haramta yaɗa abin da yake cusa ƙiyayyar ƙabila ko launin fata.

Abin da yake damuna shi ne inda hukuma ta fi karkata idan ta tashi. An yi ta amfani da sashe na 24 na dokar intanet ɗin wajen kama 'yan jarida masu binciken almundahana, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kafin a yi masa gyara a 2024. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin da ya tanadi hukuncin rataya ga wanda kalamansa suka jawo asarar rai, jama'a suka yi ca a kansa, bai zama doka ba. A 2020 aka ɗaga tarar hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin daga Naira 500,000 zuwa Naira miliyan 5, kuma a 2022 ta ci Trust TV wannan tara saboda shirin bincike a kan 'yan bindigar daji, shirin da ni a ganina aikin jarida ne tsantsa. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa cin tara. Shi ya sa na fi son 'yan jarida su tsaftace aikinsu da kansu, tun kafin a zo a tsaftace musu da sanda.

Mai Gabatar da Shiri, Kano

Zan tsaya a kan tambaya ta biyu, domin ita ce muke fama da ita kullum. Mu a rediyo mun daɗe da sojojin baka, waɗanda ake sayen fili a ba su su yi ta caccakar abokan hamayyar ubangidansu. Wasu tashoshi suna fakewa da sanarwar nan ta cewa ra'ayin mai magana ne, ba na tasha ba. Wannan sanarwa ba ta wanke kowa. Tashar da ta san abin da take yi tana naɗar muryar tukuna, a saurara, a yanke abin da ya taɓa iyaye ko asali ko aƙida, sannan a sa. Abin da ya halaka Ruwanda a 1994 ta rediyo aka riƙa hura shi, tashar RTLM tana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kuma a 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta ɗaure biyu daga cikin jagororin tashar tare da editan jaridar Kangura.

Wurin tsokaci na shafinku filinku ne, kamar zauren gidanku, kuma maigida ba ya cewa babu ruwansa da abin da baƙi suke faɗa a zaurensa. Kada ki jira kamfanin Facebook ya share miki. A binciken BBC da Edita ya ambata an bayyana cewa a lokacin masu tantance labarai huɗu kacal abokan hulɗar kamfanin suka ware wa Najeriya baki ɗaya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Ko da an samu ci gaba daga baya, Bahaushe ba kullum yake fitowa fili ya yi zagi ba. Da habaici da gugar zana da karin magana yake aika saƙo, sai ya ce a yi musu abin da aka saba, kowa ya gane nufinsa, na'ura kuwa ta wuce shi a matsayin magana mai tsafta. Sai ɗan gari ne zai kama wannan.

Abin da muke yi a shafin shirinmu shi ne mun rubuta ƙa'ida a taƙaice mun maƙala ta a sama: a soki shugaba, a soki manufa, a soke mu ma, amma ban da zagin ƙabila ko addini, ban da kiran a far wa wani, ban da saka hoton mutum da unguwarsu a ce a neme shi. Mun zuba kalmomin zagin da aka saba a cikin matatar shafin don ta riƙa ɓoye su da kanta. Wanda ya yi barazana muna adana hoton abin da ya rubuta kafin mu goge mu toshe shi. Idan labari mai zafi ne kuma babu wanda zai zauna a kansa, musamman da dare, muna rufe tsokacin gaba ɗaya. Wannan yana rage mana yawan masu shiga, kuma yawan masu shiga shi ne kuɗin talla, don haka ki shirya wa ranar da mai kafar zai tambaye ki dalilin da ya sa kika rufe labarin da ya fi kowanne kasuwa.

Malamar Makaranta, Gusau

Ni ba 'yar jarida ba ce, mai karatu ce, kuma ina koyar da yaran Hausawa da na Fulani a aji ɗaya. Ina roƙon ku dubi wani abu da ya fi jawabin ɗan siyasa ɗaya illa, saboda shi kullum ake yin sa. Idan ɗan fashi Bafulatani ne sai a sa ƙabilarsa a kanu, idan daga wata ƙabila yake sai a ce ɗan fashi kawai. Alhali a nan Zamfara 'yan bindiga sun kashe Hausawa sun kashe Fulani, sun kore shanun Fulanin da suka ƙi bin su, 'yan sa-kai kuma sun kashe mutane a kasuwanni don kamanninsu kawai. Haka wasu kafafen Kudu suke yi wa ɗan Arewa baki ɗaya. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta komawa Kano, an yanke musu hukunci a bakin titi da zargin garkuwa da mutane, kuma na yi imani shekarun da aka kwashe ana liƙa wa mutanenmu wannan suna sun taimaka. Mu ma shafukanmu na Hausa ba su tsira ba, domin na ga yadda ake rubuta labarin Inyamurai ko na mutanen kudancin Kaduna da zarar wani nasu ya yi laifi. Idan ƙabilar mutum ba ta ƙara wa labarin komai, don Allah ku bar ta.

Tsohon Edita, Kaduna

Malama, maganarki tana cikin kundin Ilorin, kuma ita ce aka fi takawa.

Barista, na karɓi rabin hujjarka. Jimlar da ya ce a raba su da ƙasar, a kawo ta da lafazinsa a tsakiyar labari, domin ita ce shaidar tunzurawar, kuma ita ce jam'iyyarsa da 'yan sanda za su amsa tambaya a kanta. Sunan dabbar kuwa har yanzu ba zan buga shi ba. Ya isa a ce ya kamanta su da dabba. Irin wannan laƙabi idan ya shiga bakin yara a makaranta da 'yan acaɓa a tasha, yakan shekara ashirin ana jifan mutane da shi bayan an manta da wanda ya ƙirƙiro shi, kuma jarida ce za ta zama ta kai shi garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Game da tsoron da kake yi na cewa zai musanta, su adana ainihin faifan yadda ya zo ba tare da an yanke komai ba, da bayanin ranar da wurin da yadda suka tabbatar da shi, su kuma faɗa a cikin labarin cewa yana hannunsu kuma za su miƙa shi ga kotu ko hukumar zaɓe idan aka nema. Sunan wanda ya kawo musu faifan ne kaɗai ba za su bayar ba, ko da wa ya tambaya.